Koyil a Aljihu, Suruki a Baya

Tun ranar da na dawo daga Hunkuyi 'yan majalisarmu ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Tambayar kowa ɗaya ce: yaya aka yi tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ta cinye kwana biyu? Wasu na ce musu hanya ce ba kyau, wasu na ce gurɓataccen mai muka sha. Duk ƙarya ce. Na gaji da ɗora wata a kan wata, shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, mai dariya ya yi dariyarsa lokaci guda mu huta.

Surukina Malam Idi, wanda nake kira Baba, yana da wani tsohon mashin da ya girmi 'yarsa da nake aure. Da cutar yana ta rufe masa ido ɗaya ta fara taɓa ɗayan sai ya daina hawa, ya aiko mini da shi in riƙa zuwa makarantar da nake koyarwa a nan Ikara, don kada ya lalace a zaure. Sharaɗi ɗaya ya kafa, shi ma ta bakin 'yarsa ya aiko shi, tunda ni da shi ba ma wuce gaisuwa. Ya ce in canza taya, in canza baƙin mai, in canza filogi yadda na ga dama, amma murfin nan na gefen hagu na inji kada kowa ya buɗe shi.

Mashin lafiyarsa ƙalau, aibinsa guda: da safe sai an buga masa kik shida kafin ya tashi. Ku 'yan majalisa da kanku kun san yadda kuka riƙa ƙirga mini da ƙarfi a ƙofar shago. Ni kuma Allah ya yi ni da son a ce na iya. Na shiga kallon bidiyon masu gyara a waya, na ji ana cewa tsohon tsarin wuta mai kwantak, wato 'yan ƙarafa biyun da ke haɗuwa su rabu su ba filogi wuta, ya wuce zamani, yanzu ɗan baƙin akwatin nan ake sawa da ake kira si-di-ai, da sabon koyil ɗinsa, kik ɗaya mashin ya tashi. Na wanke ƙafa na tafi wajen mai sayar da kayan mashin. Ya jera mini kwali uku a kan kanta, ya ce wannan orijina ne, wannan mai bi masa, wannan kuma na rufin asiri. Na tambaye shi wanne ne zai shiga tsohon mashin irin namu, ya ce ai dukansu ba mashin ɗin da ba sa shiga. Ban kai masa tsohon an gwada ba, ban ƙirga wayoyin ba, ban tambayi komai ba. Na ɗauki na tsakiya saboda kwalinsa ya fi sheƙi, har da hoton walƙiya a jiki.

Wata Asabar na ari abin zare maganeto, wato faifan da ke juyawa a kan koyil ya samar da wuta, na ɓuya a bayan makaranta na buɗe murfin da aka ce kada a buɗe. A ciki na tarar da koyil naɗin hannu, wayar jan ƙarfe a jere lumui kamar sabon kitso, an ɗaure ƙarshenta da jan zaren ɗinki. Na kwance shi tare da kwantak ɗinsa na jefa a gwangwanin madara, na ɗaura sabon. Kik ɗaya ya tashi. Sati biyu ina fankama, har kuka sa mini suna Injiniya. Abin da ban lura ba shi ne daga gidana zuwa makaranta minti biyar ne, inji bai taɓa yin zafi ba.

Ana nan sai Baba ya samu kujerar Makka. Kamar yadda kowane maniyyaci yake yi, ya zagaya dangi da maƙwabta gida-gida yana neman yafiya. Saura mutum ɗaya, yayansa Malam Tanimu, tsohon bakanike da ke Hunkuyi, wanda rabon da su yi magana shekara sha tara ke nan. A wajen rabon gonar mahaifinsu ne Baba ya kira shi maƙaryaci a gaban mutane, daga ranar kowa ya kama gabansa. Saura kwana uku a shiga sansanin alhazai matata ta ce mini gobe zan kai Baba Hunkuyi, kuma ya ce ba ya son mota, a mashin ɗin nan za a je. Ta faɗa mini dalili tana ninke kaya, ko kallona ba ta yi. Koyil ɗin da ke cikin murfin nan, in ji ta, Baba Tanimu ne ya naɗa shi da hannunsa, shi ne aiki na ƙarshe da ya yi wa ƙanensa kafin su ɓata. Baba ba mai iya magana ba ne, don haka abin da ya shirya ya faɗa wa yayansa guda ɗaya ne: ga mashin nan, tun da ka rufe murfin ba hannun da ya buɗe shi.

Mai abin zare maganeto ya yi tafiya, ko da ma yana nan ban san yadda ake saita kwantak ba, kwancewa kawai na iya. Na ciro koyil ɗin daga gwangwani na naɗe a tsumma na zura a aljihun kaftanina, ina ce wa kaina a hanya zan samu dabara.

Da sassafe na je ƙofar gidansa, na durƙusa na gaishe shi, na buga kik ɗaya mashin ya tashi. Ya karkata kunne wajen injin, sannan ya hau. Wanda bai taɓa goya surukinsa a mashin ba bai san tsawon kujerar mashin ba. Ni na matsa har kan tanki, shi ya koma can ƙarshe ya riƙe kariya, ƙarfen ɗaura kaya na baya, jakar goro da turare ta zauna a tsakaninmu.

Ba mu yi minti ashirin da barin Ikara ba mashin ya yi tari biyu ya mutu. Na sauka da fuskar masana. Na leƙa tanki, akwai mai. Na kwance filogi na kwantar da shi a jikin inji na buga kik, yadda ake yi a ga ko wuta na zuwa. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce mai ƙara ƙas-ƙas, ni kuwa ko ƙyas ban gani ba. Wani mutumin ƙauyen Furana da ya ɗauro awaki biyu a bayan mashin ɗinsa ya tsaya, ya yi wa Baba gaisuwa mai tsawo, sannan ya rantse ruwa ne ya shiga kafireta. Wani mai keke ya ce batir ne, alhali mashin ɗin nan bai damu da batir ba wajen tashi. Kafin a gama shawara inji ya huce. Na ɗaura sabon filogi, kik ɗaya ya tashi. Na ce wa Baba filogi ne, ya ce madalla.

Bayan kwata ɗin awa ya sake mutuwa. Wannan karon na ɗora laifin a kan hular filogi. Karo na uku na ce makulli ne, na fizge wayarsa na mayar. A karo na huɗu ba inuwa kusa, dole na tura. Na roƙi Baba ya zauna a kai in tura shi, ya ƙi. Tunda ba ya ganin ramuka sai ya kama kariya da hannu ɗaya ya biyo ni a baya, dattijo mai shekara saba'in da zai shiga sansanin alhazai jibi, yana jan silifa a cikin rana. Duk takun da na yi koyil ɗin sai ya bugi cinyata. Ban taɓa jin na raina kaina irin na wannan lokaci ba.

Da azahar muka shiga Makarfi. Aka nuna mana wani bakanike mai suna Ɗanjuma a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Tambaya ɗaya ya yi mini: in ya yi zafi yake mutuwa, in ya huce ya tashi? Na ce haka ne. Ya ce to ba filogi ba ne, ba mai ba ne, a inda wutar take fitowa ne, sai an buɗe murfin hagu. Ya miƙa hannu zai ɗauki sukundireba.

"A'a, ɗana," in ji Baba. "Wannan murfin mai shi yana Hunkuyi."

Ɗanjuma ya ajiye. Ya ɗaga kujera don ya bi wayoyi, sai ga baƙin akwatina a ɗaure da robar taya. Ya dube shi, ya dube ni, ya dubi dattijon da ke zaune yana jan carbi. Sai ya ce in raka shi mu dubo wata hular filogi a shago. Muna shan kwana ya tsaya ya wanke ni tas, amma a hankali. Ya ce wayar da ke cikin irin sabon koyil ɗin da na saya siririya ce kamar gashi, in ta yi zafi sai ta saki, in ta huce ta koma ta haɗu, shi ya sa nake ganin kamar ni ne nake gyarawa. Ya ce akwatin ma ba na wannan injin ba ne, wani daga batir yake shan wuta, wani daga maganeto, kuma kowanne da lokacin da yake sakinta. Sababbin kayan ba duka ne marasa kyau ba, in ji shi, amma mai saye sai ya tafi da tsohon a hannu, a gwada ƙafa da ƙafa, a ƙirga wayoyi, in an ɗaura kuma a yi ta gudu da shi har inji ya yi zafi kafin a yarda. Na ciro tsumman na nuna masa. Ya juya koyil ɗin yana jinjina kai, ya ce rabin awa ya ishe shi ya mayar in zan iya janye dattijon zuwa masallaci.

Na gwada. Baba ya ce ai an riga an yi jam'i, a nan zai yi tasa. Ya shimfiɗa hiramin kafaɗarsa dab da mashin ya yi sallah, ya idar ya ɗora hannu a kan kujera ya ci gaba da lazimi. Ɗanjuma ya raɗa mini cewa in faɗa masa gaskiya kawai in huta. Na ce surukina ne. Sai ya ce ayya. Ya koya mini in riƙa jiƙa tsumma ina ɗorawa a kan murfin, kuma in tsaya da kaina kafin mashin ya tsayar da ni.

Baba ya sayi waina ya ce bismillah, na ce a ƙoshe nake, alhali ko karyawa ban yi ba. Na zagaya bayan wani shago na sayi ɗanwake na riƙa haɗiya ba tauna, yaji ya shaƙe ni, mai ɗanwaken tana ta yi mini sannu. Na dawo idanuna jajur, Baba ya miƙo mini ruwa ba tare da ya juyo ba.

Haka muka ci gaba, gudu kaɗan zama da yawa. Da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya kore mu zuwa wani ƙauye a gaba da Makarfi, muka fake a zauren wani mai yin mazarƙwaila, Malam Haruna. Mutanen wannan yanki ba su gama yi maka sannu da zuwa ba sai ka ga curin mazarƙwaila a gabanka, yadda mu a Ikara muke fara miƙa ruwa da goro. Da ya ji Baba maniyyaci ne sai ya rantse ba za mu wuce ba, ya kira iyalinsa kaf su zo a yi musu addu'a, kowa da saƙon da za a kai masa Madina. Ya nuna ni ya tambayi Baba ko ɗansa ne. Baba ya ce, "Ɗana ne." Saboda wannan amsa aka kawo mana tuwon masara miyar kuka a kwano ɗaya. Na zauna na rasa inda zan sa hannuna. Baba ya yi loma uku ya ce alhamdulillahi, ya lalubi butarsa ya fita, ya daɗe a waje har na ci na rufe kwanon. Da aka shimfiɗa mana tabarmi biyu a zauren na ce ni a rumfa zan kwana in tsare mashin, mashin ɗin da ɓarawo ma ba zai kai ko'ina da shi ba.

Washegari muka isa Tashar Yari, inda za mu ƙetare babban titin Kano. Ita ce kawai iyakar da muka tsallaka a tafiyar nan, ba mai tambayar takarda, amma manyan motoci sun ishe ka bincike. Don tsoron kada ya mutu mana a tsakiyar titi sai na kashe shi na tura, Baba na riƙe da kariya. 'Yan acaɓan wajen suka yi ta yi mini tayin za su kai dattijon Hunkuyi cikin mutunci, ni in biyo baya da kayan tarihina. Baba ya yi musu godiya ya ce tare muka fito. Daga nan muka kama hanyar ƙauyukan Kudan, ta cikin gonaki, kowane kududdufi sai na tsaya na jiƙa tsumma. Ranar hutun da Baba ya ware don ya haɗa kayansa ta riga ta tafi, gobe sansani. In maganar nan ba ta ɗinku yau ba, sai dai ya tafi da ita a wuyansa.

Da hantsi muka tsaya a ƙofar gidan Malam Tanimu. Yana zaune a zaure a kan buzu, dogon tsoho, hannayensa suna rawa a kan gwiwa. Baba ya cire takalmi tun daga waje ya shiga ya durƙusa. Na rakuɓe a bakin ƙofa. Suka gaisa gaisuwar baƙi, lafiya lau, lafiya lau, ba mai kallon wani. Ina jira in ji Baba ya fara maganar murfi, amma bai fara ba. Yayan ne ya ɗaga kai ya dubi mashin ɗin da ke waje.

"Tun daga kan kwana na ji kukansa," in ji shi. "Ba kukan aikina ba ne. Ashe har shi ka sa aka cire, Idi."

Baba ya sunkuyar da kai. "Laifina ne, Yaya."

Maganar da ya riƙe shekara sha tara ya sake ta a nan, don kada ya tona ni. Malam Tanimu ya kau da fuska wajen bango, na ga alamar zaman ya ƙare tun bai fara ba.

Ban san lokacin da na ja gwiwa na isa gabansu ba. Na ce ni ne na buɗe murfin, sati biyu da suka wuce, Baba bai sani ba, ya hana ni na yi. Na ciro tsumman na warware a kan buzun. Tsohon ya ɗauki koyil ɗin da hannu biyu, ya kai shi kusa da ido, ya shafa wayar da babban yatsa har ya zo kan jan zaren. Ya ce daga bakin hularsa ya zare wannan zaren ranar, don ya rasa abin ɗauri. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambayi ƙanensa ko da gaske shekara sha tara yana ciki. Baba ya ce yana ciki. Sai ya nemi gafarar kalmar da ya faɗa a gona, a taƙaice, yadda ya iya. Yayan ya ce ya yafe duniya da lahira, shi ma a yafe masa. Na sunkuyar da kai don kada in ga dattawa biyu suna share ido.

Da aka natsa Malam Tanimu ya juyo kaina ya ce, "Kai ne injiniyan?" Ya sa aka fito da tsohon akwatin kayan aikinsa. Hannunsa ba ya riƙe sifana, idon Baba ba ya ganin noti, saboda haka ni na tsuguna suna ba ni umarni ta kafaɗa biyu. Na kwance abin da na saya da hannuna, na mayar da abin da na cire da hannuna. Da ɗan kwalin ashana ya sa na auna tazarar bakin kwantak, ya sa na sake har sau uku. Muka kwantar da filogi a jikin inji, wuta ta fito shuɗiya tana ƙas-ƙas. Na mayar na fara buga kik, su biyun suna ƙirgawa tare. A na shida ya tashi, Malam Tanimu ya yi dariya har da tari.

Bayan azahar muka yi sallama. Sai da muka fita gari Baba ya taɓa kafaɗata, karo na farko tun da na auri 'yarsa, ya ce in tsaya. Ya sauka ya fuskance ni.

"Tun a ƙofar gidana na sani," in ji shi. "Mashin ɗin nan bai taɓa tashi a kik ɗaya ba. Na ji nauyin in tambaye ka, shi ya sa na hana yaron Makarfi ya buɗe a gabana. Na bar ka da turi yini guda, ga yunwa. Kai kaɗai ka rage ban nema ba. Ka yafe mini."

Na tsuguna a gefen hanya ina hawaye. Ya jira har na iya cewa ni ne mai neman yafiya, ya ce wannan an wuce wajen tun a zaure.

Muka hau. Daga Hunkuyi har Ikara mashin ɗin nan bai yi tari ko sau ɗaya ba. Ni kuwa duk tsawon hanya addu'a nake yi ya mutu, ko na samu in sauka in tura, don turin ya fi mini sauƙi a kan hannun Baba da ke kan kafaɗata.